Kada Ka Ajiye Aiki Don Ka Zama Marubuci



Akwai wata shawara da ke yawo a tsakaninmu wadda ya kamata a taka mata birki. Wai in kana son zama marubuci na gaske, ka ajiye aiki, ka kulle kanka a ɗaki, don hayaniya ce ke kashe basira. Ni na ɗauki wannan shawara, kuma wata goma sha ɗaya ke nan ina ɗanɗana kuɗata.

Bayan na gama difloma na yi shekara uku a wata ƙaramar maɗaba'a a Kano, ina tsara katin biki da kalanda da rasit a kwamfuta. Ƙarfe takwas injin bugu zai tashi, takardu na fitowa fat-fat-fat har azahar. A gefe wuƙar yankan takarda na sauka ƙaras. In an ɗauke wuta wurin ya yi tsit, sai maigida ya ƙwala wa yaron shago kira, janareta ya yi tari sau biyu kafin ya kama. Ga Hajiya tana rantsuwa cewa katin 'yar maƙwabciyarta ya fi nata sheƙi. Ga wani dattijo Basakkwace da ke zuwa duk ƙarshen wata, shi dai a buga masa a "hwarat takarda". A lokacin duk wannan damuna yake yi. Kullum cewa nake shi ya hana ni kammala littafina.

Na ajiye aikin. Makon farko na rubuta babi uku, na ce to madalla. Daga nan abu ya tsaya cak. Takwas na yi sai in ji kunnena yana jiran inji, ba abin da ke motsi sai fanka. Ranar da na zauna na karanta abin da na tara, jikina ya yi sanyi: direba da kaka da budurwa da ɗan sanda, duk da bakina suke magana. Ashe a shagon nan nake tsintar muryoyin mutane ban sani ba.

Wannan ciwo ba ni kaɗai ya kama ba. Ku duba yawancin littattafan da muke sakewa a waya. Jarumi shugaban kamfani ne, ya shiga ofis, ya sa hannu a takardu, ya fito. Me kamfanin yake yi? Oho. Ba ƙarar inji, ba cacar baki kan ciniki, ba masinja mai tsegumi. Harshen da Allah ya hore wa amsa-kama, mai iya nuna maka bambancin faɗuwar buhu tim da faɗuwar tasa ƙwal, mun mayar da shi kurma. Dalili kuwa, muna rubuta wuraren da ba mu taɓa zama mun saurara ba, muna raina waɗanda muke wuni a cikinsu.

Magabatanmu ba haka suka yi ba. Lokacin gasar 1933, Abubakar Imam yana koyarwa a makarantar Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja. Abubakar Tafawa Ɓalewa malamin makaranta ne a Bauchi sa'ad da ya rubuta Shaihu Umar. Imam ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aiki mai cin rai, kuma alƙalaminsa bai bushe ba. Wa ya ce musu sai sun kulle ɗaki?

Na san abin da wasu za su ce: aiki na cinye lokaci, albashi bai taka kara ya karya ba, wani maigidan ma ba ya ganin mutum da gashi. Gaskiya ne, ni ma na sha. Wanda ake wulaƙantawa ya nemi wani wurin, ba zan hana shi ba. Amma a daina yaudarar ƙannenmu da cewa zaman ɗaki shi ne sharaɗin rubutu. Masu ba da wannan shawara ba za su saya maka data ba, ba za su biya maka haya ba, kuma da yawansu suna nan riƙe da nasu aikin gam.

Na koma maɗaba'ar watan jiya, na tarar an ɗauki wani. Yanzu da la'asar nakan je shagon wani abokina tela in zauna da ɗan littafina, keke na ta sururu, ina rubuta yadda mata ke rigima kan ɗinkin da bai kammalu ba.

Kai da ke da wurin zuwa gobe da safe, ko shago ne, ko asibiti, ko tasha, ga aikin wannan mako: rubuta shafi ɗaya na abin da kunnenka ya ji daga shigarka zuwa tashinka, da bakin masu maganar, kada ka gyara musu Hausa. Sai mu gani ko hayaniya ce ke kashe basira.

Allah Ya yi mana jagora.