Kunama da Gizo-gizo Ba Abin Ɗauka a Hannu Ba Ne

A wannan mako muna son mu yi magana a kan wani sabon yayi da ya shigo makarantarmu. Wasu yara suna zuwa da 'ya'yan kunama ko manyan gizo-gizo a cikin kwalin ashana ko gwangwanin madara. Suna tono su a ƙarƙashin tsofaffin bulo da duwatsu, a gefen layin dogo ko kangwayen masaƙun Kakuri. Da an fita tara sai a ɗora a tafin hannu, ana ihu, ana tsorata 'yan aji ɗaya. Mu a ganinmu ya kamata a daina.

Mun san inda aka samo wannan. A wayoyin yayyenmu muna ganin Turawa suna kiwon wani ƙaton gizo-gizo mai gashi da ake kira tarantula, yana tafiya a hannunsu. To amma ƙwararrun masu kiwonsa ma suna hana ɗaukarsa. Dalili shi ne ba shi da ƙashi, cikinsa kuma laushi gare shi. Idan ya faɗo ko daga kan tebur ne, cikin yana iya fashewa ya mutu. Ƙananan sun fi sauri, kafin ka ƙifta ido sun zille. Bayan sun yi saɓa kuwa, jikinsu yakan yi kwanaki bai yi ƙwari ba, taɓawa kaɗan sai ta ji musu rauni. Ga shi macen wasu irinsu tana iya yin shekara 20 a duniya, sai wasan minti biyar ya kashe ta.

Akwai kuma bambanci. Yawancin waɗanda ake nunawa na nahiyar Amurka ne, masu watsa gashi mai ƙaiƙayi idan sun tsorata. Na Afirka ba su da irin wannan gashi, cizo suke yi, kuma dafin wasunsu yana sa zafi da ɗaurewar jijiyoyi na kwanaki.

Mu zo kan kunama. Wasu suna cewa ai ƙarama ce, ba ta da dafi. Wannan ganin kitse ake wa rogo. Babbar baƙar kunama ta dazukan kudu, wadda aka riƙa fitarwa daga Gana da Togo da Benin ana sayar wa masu kiwo a Turai, har aka sa ta cikin yarjejeniyar CITES a 1995 don taƙaita cinikinta, dafinta ba shi da ƙarfi sosai. Wadda ta fi haɗari ita ce mai siraran hannuwa da kaurin jela, ko da ƙarama ce. Kuma dafin kunama ya fi yi wa yara illa, domin jikinmu ƙarami ne.

Wani zai ce, ai mun cire mata ƙari. To ina jarumtar? Da ƙarin take kare kanta, da shi take kashe abin da ya fi ƙarfin hannuwanta. Ka nakasa halittar Allah don abokai su yi maka tafi. Kuma a wajen cirewar ne ake yawan samun harbi. Wani kuma zai ce yana da laƙani. Kunama ba ta san mai ita ba, gizo-gizo ma haka. Ba kare ba ne, ba kyanwa ba. Hannunka a wurinsu ƙasa ce kawai mai motsi.

Ba mu ce a daina sha'awar halittu ba. Mai sha'awa ta gaskiya kallo yake yi ya koya. Misali, mun taso muna jin cewa 'ya'yan kunama cinye uwarsu suke yi. Gaskiyar ita ce haihuwarsu take yi, ta goya su a baya har su yi saɓar farko, sannan su watse. Gizo-gizo kuwa, wanda muka sani a tatsuniya da sunan mijin Ƙoƙi, yana rage mana ƙudaje da sauro.

Don haka muna roƙon malaman kimiyya su riƙa nuna mana irin waɗannan halittu a cikin kwalba mai murfi da ƙananan huji, mu zana, mu ƙirga ƙafafu takwas, sannan babba ya mayar da su nesa da gidaje. Shugabannin aji su sa ido. Idan kuma tsautsayi ya faru, kada a ɓoye don tsoron bulala. A faɗa wa malami nan take, a wanke wurin da ruwa da sabulu, a ɗora tsumma mai sanyi. Ban da tsagawa da reza, ban da tsotsa. In yaro ya fara amai, zufa, dalalar miyau ko numfashi da ƙyar, a garzaya asibiti mafi kusa, kamar Asibitin Gwamna Awan da ke Kakuri.

Rigakafi ya fi magani. Mu bar kunama a raminta, mu kawo littafi da biro.

Daga wakilan aji biyu, Ƙungiyar 'Yan Jarida