Kalkulas ba sandar duka ba ce

Jama'a, daidai ne a koya wa ɗaliban kasuwanci lissafin kalkulas tun shekarar farko a jami'a. Yadda wasu malamai ke koyar da shi ne abin takaici. Malami ya cika allo da ƙa'idoji, babu misalin kasuwa ko ɗaya, sannan ya rataya makomar ɗalibi a kan jarrabawa guda ta ƙarshen zango.

Alhali ainihin darasin tambaya ce da ɗan kasuwar albasa na Galmi yake yi kullum: in na ƙara buhu ɗaya a motar Abijan, abin da zai kawo zai fi abin da zai ci? Riba tana kai maƙura ne daidai inda kuɗin buhun ƙarshe ya yi kunnen doki da ɗawainiyarsa.

Tsarin LMD ya tanadi auna ɗalibi a kai a kai. To, a yi aiki da shi! Ranar farko malami ya raba takarda mai bayanin rabon maki, ranakun gwaji da lokacin ganawa. Ɗalibi kuma ya halarci aji, ya yi aikin gida da hannunsa. Wanda ya kasa samun 10 bisa 20 bayan wannan, kada ya zargi kowa.