AIKIN HANNU A GIDA: Yadda Za A Sa Wa Jirgin Yara Murya

Kaka ta yi, an yanke dawa, kara ya wadata a gonaki. Wanda ya ratsa ta Fagam, ko Gwaram, ko Birnin Kudu a wannan lokaci zai ga yara a gindin itace da reza da totuwar kara, suna ƙera motoci. Waɗansu masu ƙoƙari har jirgin ƙasa sukan yi, da kai da taragu uku ko huɗu. Amma jirgin nan bebe ne. Yaron da ke jansa shi ne ke yin kukan da bakinsa.

Hutun Kirsimati kuma yana tafe, lokacin da 'yan tebur sukan cika kasuwa da jirage na roba masu batir, masu walƙiya da ƙara. Yaro ya gani ya sa kuka, uba ya taɓa kuɗin da aka ajiye domin makaranta. Sau da yawa kafin sabuwar shekara abin ya mutu. A wannan wata za mu nuna yadda jirgin da yaro ya ƙera da hannunsa zai yi kuka irin na gaske, da kayan da ake zubarwa a bola.

JIRGIN DA YARANMU BA SU JI BA

Layin dogo bai bi ta ƙasarmu ba. Jirgi ya iso Kano a 1911. Reshen da ya bi ta Ringim da Malam Madori ya kai Nguru a 1930, wannan yana arewa da mu. Na kudu da mu ya iso Bauchi a 1961, ya wuce Gombe, ya kai Maiduguri a 1964. Mu muna tsakiya. A Fabrairun 2021 ne aka ƙaddamar da aikin layin Kano zuwa Maraɗi, wanda aka shirya masa reshe zuwa Dutse.

Ko yaron da ya taɓa ganin jirgi ma, mai dizal ya gani. Tun 1955 aka fara kawo masu dizal Nijeriya, sannu a hankali suka ture masu cin kwal na Inugu. Domin haka, kafin a fara aiki, a aiki yara wurin kakansu. Idan ya taɓa zuwa cirani Kano ko Jos a zamanin da, sai ya kwaikwayi musu yadda kan jirgi yakan yi sa'an da zai tashi daga tasha: shuf... shuf... shuf, da nauyi da jinkiri, sa'an nan ya riƙa sauri har kukan ya haɗe.

DAGA INA KUKAN YAKE FITOWA?

Tilas a gane wannan, gama shi ne tushen aikin duka. A cikin kan jirgi akwai tukunya babba wadda wutar kwal take tafasawa. Tururin yana shiga silinda, ya tura fistin, fistin ya tura sandar da ke juya ƙafa. Tururin da ya gama aiki sai a sake shi ta bututun hayaƙi da ƙarfi. Wannan fitar ita ce "shuf" ɗin. Tana kuma jawo iska ta cikin wutar, ta ƙara hura ta.

Yawancin kawunan jirgi silinda biyu gare su, ɗaya dama ɗaya hagu. A kowace silinda tururi yana tura fistin gaba, ya kuma turo shi baya. Biyu sau biyu huɗu ke nan. Watau duk juyi ɗaya na ƙafa, jirgi yakan yi numfashi huɗu. In ƙafa ta yi sauri kuka ya yi sauri, in ta tsaya ya yi shiru.

Ga darasin ke nan: kukan jirgi daga ƙafarsa ya kamata ya fito. Jirgin roba na kasuwa yana ta ƙara ko yana tafiya ko yana tsaye, ko ma an kifar da shi. Shi ya sa yaro yakan gaji da shi da wuri.

YADDA TURAWA SUKA YI

A Ingila da Jamus da Amurka akwai manya, har da masu furfura, waɗanda suke shimfiɗa ɗan layin dogo a lambun gidansu, tsakanin furanni. A garin Beaconsfield na Ingila akwai ƙauyen kwaikwayo mai suna Bekonscot, wanda aka buɗe a 1929, ƙananan jirage suna kewaya shi. A 1968 wani kamfani na Nuremberg a Jamus ya fito da jiragen lambu masu suna LGB, faɗin layinsu milimita 45, waɗanda ruwan sama ba ya ɓata su. Kwatanta da tsohon layinmu na Nijeriya mai faɗin milimita 1,067.

Yau suna sa wa jiragen nan 'yan na'urori masu tsada da ke ɗauke da kukan jirgi na gaske. Amma a shekarun 1970 manyan kamfanoni biyu sun yi abin da yaron Fagam zai iya yi. Kamfanin Hornby na Ingila ya sa ɗan samfefa da abin da ke gogarsa in ƙafa ta juya. Kamfanin Lionel na Amurka ya sa 'yar ganga mai ƙwayoyi a ciki wadda take mirginawa tare da jirgin. Babu batir a cikin ko ɗaya. Bari mu ɗauke su ɗaya ɗaya.

HANYA TA FARI: GWANGWANI DA YASHI

Wannan caki ne kawai aka mai da shi ƙafa. A sami ƙaramin gwangwanin madara ko na tumatir, a wanke, a shanya. A yanka kwali mai kauri, faɗinsa kamar yatsa biyu, tsawonsa daidai da zurfin gwangwanin. A liƙa shi a jikin bangon ciki, a tsaye kamar kanta. A zuba yashi mai tsakuwa-tsakuwa cokali ɗaya. A rufe bakin da kwali ko fallen silifa, a ɗaure sosai. A huda tsakiyar gindin da tsakiyar murfin, a zura waya mai kauri, a rataya gwangwanin a ƙarƙashin taragon da ke bin kan jirgi, yadda zai taɓa ƙasa ya riƙa mirginawa.

Duk juyi, kantar tana ɗaga yashin, ya zube gaba ɗaya: shaf! Yashi mai laushi yana ba da kuka mai taushi irin na tururi. Tsakuwa tana ba da ƙara irin ta ƙarfe. Gero yana tsakaninsu. A bar yaro ya gwada duka, ya zaɓa da kunnensa.

Wani zai ce, ai numfashi huɗu aka ce, me ya sa kanta ɗaya? A yi lissafi tare da yaron. Gwangwani mai faɗin santimita 7, kewayensa wajen santimita 22 ne. Yaro mai tafiyar mita ɗaya a daƙiƙa zai juya shi fiye da sau huɗu a daƙiƙar nan. In kantoci huɗu ne, kuka kusan 18 ke nan a daƙiƙa ɗaya, sai ya zama shuuu kawai. Saboda haka a fara da ɗaya. Wanda ya yi da babban gwangwani, yana kuma tura jirgin a hankali, yana iya sa biyu.

HANYA TA BIYU: SAMFEFA DA HARSHE

Wannan ta fi kama da na gaske, amma tana bukatar haƙuri. A roƙi kafinta guntun tsohon samfefa. A sa ɗan guntun icce mai kewaye, ko totuwar masara, a tsakiyar wayar da ta haɗa ƙafafu biyu, a matse shi yadda zai juya tare da su. A liƙa samfefar a rabin kewayensa, a bar ɗaya rabin sumul. Sa'an nan a yanko harshe daga ɓawon kara, ko daga jikin tsohuwar gorar roba, a kafa shi yadda bakinsa zai kwanta a kan iccen. Ƙafa ta juya, harshe ya goga samfefa, ya huta, ya sake gogawa. Hutun nan shi ne rabin aikin. In babu shiru a tsakani, ba kukan jirgi ba ne, kukan gyare ne.

Amma harshe shi kaɗai muryarsa ƙarama ce. Sai an kafa gindinsa a jikin wani abu mai rami, kamar kwalin ashana ko gwangwani wofi. Haka molo da garaya suke: tsirkiya ce ke kaɗawa, ƙoƙo da fata ke fito da amon. A Birnin Kudu ma, kusa da duwatsun nan masu zanen mutanen dā, akwai duwatsu masu amo kamar ƙararrawa in an buga su, waɗanda masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya bincika a 1955. Dutse yakan yi amo in yana zaune sakayau. Wanda ya nutse cikin ƙasa ba ya yi. Gwangwaninka ma haka: a ɗaure shi ta baki kawai, kada a naɗe shi da tsumma ko roba, in ba haka ba zai shaƙe.

Abu ɗaya kuma. Harshe mai tauri ƙwarai birki ne, zai hana ƙafa juyawa. A sassauta shi, ko a sa ɗan dutse a taragon domin ƙafafun su kama ƙasa.

LAYI DA USUR

Wanda ya shiga tsohon jirgi zai tuna da wani kuka dabam, kacak-kacak, a ƙarƙashin tarago. Wannan daga mahaɗar ƙarafan layi yake fitowa, inda aka bar 'yar tazara domin ƙarfe yakan miƙe in rana ta yi zafi. Sababbin layuka an narke mahaɗarsu wuri ɗaya, shi ya sa ba a cika jin wannan a kansu ba. Yaron da ya jera kara biyu a tsakar gida ya kafe su da tsinke a matsayin layi, sai ya bar tazara kamar kaurin ashana a kowace mahaɗa. In ƙafafun na murfin kwalba ne ko na gwangwani, kukan zai fito da kansa.

Usur kuwa ba sai an saya ba. Kwalbar magani wofi in an busa bakinta ta isa. Kwalabe biyu, babba da ƙarama, in yara biyu suka busa tare, sun fi kama da jiniyar jirgi, domin da yawa daga cikin jirage murya fiye da ɗaya suke fitarwa a lokaci guda. Nan ne ƙanne da 'yan mata suke samun nasu aiki: wannan mai usur, wannan mai tuta, wannan mai yankan tikiti. Kada a bar wasan ga yaya shi kaɗai.

GA MASU SON NA LANTARKI

Yaron da ya kai sakandare yana iya son ya ƙara gaba. Akwai wani ɗan allo da ake kira ISD1820, wanda yake ɗaukar murya ta wajen daƙiƙa 10, yana aiki da batir biyu ko uku irin na ƙaramar tocila. A tambayi mai gyaran rediyo, ko masu sayar da kayan gyara a kasuwar Sabon Gari ta Kano. Ya dace da usur: a ɗauki kukan sau ɗaya, a danna in jirgi zai shiga tasha. Lasifika kuwa ta mataccen rediyo ta isa. Sai dai kada a bar ta tsirara. Iskar da ke fitowa ta bayanta tana kashe ta gabanta, muryar ta zama siririya. A zaunar da ita a bakin gwangwani, a toshe gefen, za a ji bambanci nan take. Numfashin jirgin dai a bar wa ƙafa.

IYAYE, A KULA

Wannan sashe ya fi sauran duka muhimmanci.

Na ɗaya, batir mai kama da maɓalli ko kwabo, irin na agogo da na kayan wasan kasuwa. In ƙaramin yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙoshi, yana iya ƙona naman wurin cikin sa'a biyu. Kada a sa yaron ya yi amai, kada a jira gari ya waye. A tafi asibiti nan da nan, a gaya musu batir ne. Kayan wasan da murfin batirinsa ba shi da sukurun ɗaurewa, kada ya shiga hannun mai rarrafe.

Na biyu, ƙananan mayen ƙarfe. In yaro ya haɗiye biyu, sukan manne wa juna ta cikin hanji su huda shi.

Na uku, batirin tsohuwar wayar hannu. Kada a huda shi, kada a jefa shi a murhu, gama yana kamawa da wuta.

Na huɗu, bakin gwangwani. Babba ne zai yanka, ya lanƙwasa bakin da filaya, ya daddake shi da guduma. In yaro ya yanke, a wanke da ruwa da sabulu, a kai shi ɗakin shan magani a duba ko yana bukatar allurar tetanus.

Na ƙarshe, uba ya riƙe wuƙa, amma kada ya ƙwace aikin. In jirgin ya ƙi kuka, kada ka yi saurin gyarawa. Tambayi yaron: ƙafar tana juyawa? Harshen yana taɓawa? Yashin ya jiƙe? Yaron da ya koyi bin matsala daki-daki har ya kamo ta ya sami abin da zai amfane shi a gona, a gareji, ko a aji. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Iyalin da suka gwada, su rubuto mana abin da suka zuba a gwangwaninsu da irin kukan da ya ba su. A wata mai zuwa za mu duba yadda ake yin gada da kara wadda za ta ɗauki jirgin da taragunsa. Sai mun ji daga gare ku.