Sharhi: Jan butalin da ke rataye a bango



Duk wanda ya san babbar hanyar da ta taso daga Yamai, ta ratsa Kore Mairuwa da Dogon Dutsi ta nufi Ƙonni, ya san yawan man da ke bin ta dare da rana. A gefenta kuma, da cikin garuruwanmu har Tibiri da Matankari, ga kwalabe da jarkokin esansi jere a ƙarƙashin rumfar zana, wani lokaci taku biyar kacal tsakaninsu da murhun mai shayi. Da wannan sana'a gidaje da yawa ke ci, amma wuta ba ta duba wannan.

Ba mu manta da watan Mayun 2019 ba, lokacin da tankar mai ta kife kusa da filin jirgin saman Yamai, jama'a suka taru ɗiba, fiye da mutum 50 suka rasu. A Oktoban 2024 irin haka ta faru a Majiya ta jihar Jigawa, rayuka sama da 150. Irin wannan wuta babu butalin kashe wutar da zai tare ta, maganinta nisa. Wadda muke magana a kai ita ce ƙaramar, wadda ta tashi a bakin jarka ko a ƙarƙashin babur, tana da minti ɗaya kafin ta kama rumfa.

Abu na farko da hannu ke kai wa shi ne bokitin ruwa, kuma nan ne ɓarnar take. Esansi bai kai ruwa nauyi ba, sai ya hau kansa, ruwan ya ɗauki wutar ya kai ta inda ba ta je ba. Abin da ke ci tururin man ne. Shi ya sa aka yi butali mai kumfa: ruwa ne da ɗan sinadari, idan ya fito sai ya lulluɓe man kamar bargo, ya hana tururi tashi, ya raba shi da iska. Yana kashe wutar itace da zana da tufa, yana kashe ta esansi da gazuwal. A jikinsa za a ga haruffan A da B. Kada a tunkari wutar gas da shi, ko wayar da kuran ke ciki, domin ruwa ne a cikinsa.

Yadda ake fesawa shi ne abin da aka fi kuskurewa. Mutum ya tsaya iska na bayansa, hanyar gudu ma na bayansa, kamar mita uku daga wutar. Ya zare ƙusar, ya riƙe bakin tiyon, sannan ya matsa. Kada ya harba kumfar tsakiyar man, zai fantsama ya dawo masa a ƙafa. Ya nufi gefen durom daga ciki, ko ƙasa a gaban wutar, kumfar ta gangara da kanta ta rufe. Butali mai lita 6 ko 9 ba ya kai minti ɗaya yake ƙarewa, don haka babu damar gwaji a lokacin. Idan wuta ta mutu, a bar kumfar yadda take, kada a share ta ko a taka, domin man da ke ƙasa na iya sake kamawa.

To, butalin da ransa kuwa? A duba allurar da ke wuyansa, ta tsaya a kan kore. A murɗa tiyon a ga ko rana ta tsattsage shi. A leƙa bakinsa, domin zanzaro na son irin wannan rami, ya cika shi da laka, ranar buƙata a matsa ko ɗigo bai fito ba. Yawancinsu an rubuta musu iyakar zafi digiri 60, kuma ƙarfen da aka bari a rana cikin bazarar Arewa bai da nisa da wannan. A rataye shi a inuwa, kada a ajiye shi a ƙasa tsatsa ta ci gindinsa. Ma'aikacin da ya san aikin ya duba shi sau ɗaya a shekara. In an taɓa fesawa, ko sau ɗaya ne, sai an sake cika shi.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman a Dallol Mawri, inda ruwa ke kusa da ƙasa, lambunan dankali da albasa na sha daga rijiyoyi marasa zurfi. Tsofaffin kumfa da yawa na ɗauke da sinadaran da ba sa ruɓewa. Ɗaya daga cikinsu, PFOS, tun 2009 aka taƙaita shi a ƙarƙashin yarjejeniyar Stockholm. Wanda butalinsa ya tsufa kada ya juye shi kusa da rijiya ko tabki, ya mayar wa masu cikawa.

Abin da ya fi damun mu shi ne, mai tashar mai ke sayen butali, amma yaron da ke zuba mai shi ke wurin idan wuta ta tashi, kuma sau da yawa bai taɓa zare ƙusar da hannunsa ba. Muna roƙon hukumomin Dogon Dutsi da Tibiri, da shugabannin direbobi da na ƴan kabu-kabu, su gayyato ƴan kwana-kwana ranar kasuwa, a kunna wuta a rabin durom a fili, kowane mai sayar da mai ya kashe ta da kansa. A kuma rubuta lamba 18 a bangon kowace tasha, a kira tun kafin a fara fesawa.