Manya Ba Za Su Tsawatar Ba

Duk lokacin da wani mai neman suna ya ɗauki lasifika a ƙasar Yarbawa yana cewa baƙi su tattara nasu-ya-nasu su koma inda suka fito, amsa ɗaya ake ji daga mutanenmu mazauna can, tun daga rumfunan 'yan canji na Sabo ta Ibadan har zuwa kasuwar Shasha: a ƙyale shi, manya za su tsawatar masa. Wai gwamna ba zai bari ba. Wai jam'iyyar da ke mulkin ƙasa aure ce tsakanin Arewa da Kudu maso Yamma, ba wanda zai kashe aurensa saboda ɗan tasha. Wai Sarkin Hausawa yana da ƙofa a fadar Olubadan, sarkin Ibadan. Wannan magana ƙarya ce mai daɗin ji, kuma ta fi mai lasifikar haɗari, domin ita ke hana mu shiri.

Wanda ke son ya ga iyakar ƙarfin manyan jam'iyya, ya dubi Amurka. Da jam'iyyar Republican ta sha kaye a zaɓen 2012, shugabanninta suka yi nazari, suka fitar da rahoto a 2013 cewa in ba su sassauta a kan batun baƙi ba, 'yan asalin Latin Amurka za su ci gaba da juya musu baya. A 2013 ɗin Majalisar Dattawa ta amince da ƙudurin gyaran dokar shige da fice da ƙuri'a 68 da 32, da hannun sanatocin jam'iyyar irin su John McCain da Marco Rubio. Ra'ayin manya ke nan. Sai ga Donald Trump a watan Yunin 2015, mutumin da ko kansila bai taɓa yi ba, ya buɗe takararsa da zagin 'yan Meziko da alkawarin gina katanga. A Disamba ya ce a hana Musulmi shiga ƙasar baki ɗaya. Mutum 17 suka fito zaɓen fidda gwani, har da Jeb Bush, ɗan shugaban ƙasa kuma ƙanin shugaban ƙasa, ga dukiyar masu hannu da shuni a bayansa. Manya sun tsawatar iya tsawatarwa. Mitt Romney ya fito a Maris 2016 ya yi masa wankin babban bargo, Lindsey Graham ya zage shi tas. Trump ya kwashe tikiti. Graham ya koma ɗan gaban goshinsa, Rubio ya zama sakataren harkokin wajensa a 2025, ita kuma Najeriya a farkon 2020 ta shiga jerin ƙasashen da ya hana wa bizar zama.

Kujera manyan jam'iyya ke gadi. Muddin ƙin baƙo na jawo musu asara za su tsawatar. Ranar da suka ga yana kawo ƙuri'a, su ne za su riƙe wa mai zagin lasifika.

Kada wani ya ce ai halin Turawa ne. Ibadan ta san irin wannan ɗan siyasa tun Trump yana firamare. Lokacin da Action Group ta Awolowo ke riƙe da Jihar Yamma, Adegoke Adelabu, wanda ake wa laƙabi da Penkelemesi, ya haɗa ƙungiyar Mabolaje da jam'iyyar NCNC, ya shiga lunguna yana waƙa da rawa da talakawa, yana rura wutar haushin da 'yan asalin Ibadan ke ji game da haraji da kuma mutanen Ijebu da suka zo suka yi kane-kane a kasuwanci da filaye. A 1954 ya kayar da Action Group a zaɓen majalisar gundumar Ibadan, ya zama shugabanta. Mutum ne haziƙi, kuma talakawan garin suna da dalilin ƙaunarsa, ban ƙwace masa wannan ba. Amma a lura da waɗanda aka nuna wa yatsa: Yarbawa ne, harshe ɗaya, Oduduwa ɗaya. Da ya rasu a haɗarin mota a Maris 1958, magoya bayansa suka bi 'yan Action Group da kisa da ƙone-ƙone. In siyasar gari za ta iya mai da Bayerabe baƙo, to ina ga mai goro ɗan Kano?

Sabo kuwa ta samo ɗabi'ar jingina da manya daga tarihinta, kuma a da ɗabi'ar ta yi mata rana. A 1916 aka ware unguwar, aka kwaso Hausawan da ke warwatse cikin gari aka tara su ƙarƙashin sarkinsu. Shanu na gangarowa daga Arewa, goro na hawa, masu gidaje na saukar da fatake, su ajiye musu kuɗi, su tsaya musu a kan bashi. Duk mai magana da hukuma sai ta bakin sarki. A farkon shekarun 1950, da siyasar jam'iyyu ta shigo ta raunana sarautar, mutanen Sabo suka ƙara curewa wuri guda: suka rungumi ɗariƙar Tijjaniyya, suka tsayar da tasu Juma'ar a 1952. Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar a 1962 da 1963, ya rubuta littafi guda a kan yadda wannan curewa ta kare musu fataucin shanu da goro. A wancan zamani mutanen Sabo ba su wuce dubu huɗu da 'yan kai ba, kuma abin da suke tsoro shi ne a ƙwace musu ciniki. Yau Hausawan Ibadan sun bazu har Ojoo da Shasha da Bodija da Akinyele, akwai jikoki da tattaɓa-kunnen da ba su san wani gida ba sai nan, kuma abin da ake tsoro shi ne fetur da ashana. Dabarar kare ciniki ba ta kashe gobara.

Shekarar 2021 ta isa hujja. A Janairu wani ɗan fafutukar Yarbawa, Sunday Igboho, ya ba Fulanin Igangan, a yankin Ibarapa, wa'adin kwana bakwai. Gwamnan jihar, Seyi Makinde, ya fito ya ce ba wanda ke da ikon korar ɗan ƙasa, ya nemi 'yan sanda su kama masu tayar da fitina. Ga tsawatarwar da ake ta yi mana alkawari. Igboho ya shiga Igangan da taron jama'a, aka ƙone gidan Sarkin Fulani, ya koma Ibadan ana yi masa kirari, 'yan siyasa da yawa suka yi gum suna auna inda iska ta dosa. Ba a taɓa shi ba sai a Yuli, bayan da ya koma kiran ɓallewar ƙasar Yarbawa, wato bayan da ya taɓa gwamnatin tarayya ita kanta. Tun a Fabrairun shekarar kuwa, saɓani tsakanin wani ɗan dako da wata mai shago ya kai ga mutuwar wani Bayerabe mai gyaran takalma, kasuwar Shasha ta kama da wuta, aka rasa rayuka da dukiya. Manya sun zo kuwa: gwamnonin Kano da Kebbi da Zamfara da Neja suka yi tattaki har Ibadan. Toka suka tarar. Ƙungiyar dillalan abinci da dabbobi ta tsayar da kai kaya Kudu na 'yan kwanaki, tumatir ya yi tsada a Legas, ya ruɓe a Arewa, aka sasanta aka wuce wurin.

Koken mutanen Ibarapa gaskiya ne: ana sace su ana kashe su a gonakinsu, hukuma ta yi kunnen uwar shegu. Irin su Igboho a nan suke tsirowa. Shi ya sa mai cewa "ba ruwanmu, mu 'yan kasuwa ne" yake ba ni mamaki, domin mai ɗauke da gora ba ya tsayawa bambanta ɗan canjin Sabo da mai garkuwa da mutane a daji. Mu ma kuma hannunmu ba fari ba ne. A Yunin 2017 wasu ƙungiyoyin matasan Arewa suka taru a Kaduna suka ba Inyamurai wa'adin 1 ga Oktoba, da yawanmu muka tafa musu, ba mu tuna da 'yan'uwanmu na Sabo da Agege ba.

Igboho bai nemi kujera ba, amma ya nuna wa masu neman kujera cewa hajar tana da kasuwa. A zaɓen gwamnan Legas na 2023 an ga yadda aka mai da asalin mutum makami, aka riƙa tsorata Inyamurai a rumfunan zaɓe, kuma ba 'yan tasha kaɗai suka yi aikin ba. Wa'adin Makinde na ƙarewa a 2027. Wanda bai da ubangida a jam'iyya, bai da kuɗin sayen daliget, hanya mafi arha gare shi ita ce ya nemo wanda za a tsana.

Abin da ke sa jam'iyya ta ja wa irin wannan mutum birki shi ne lissafi, kuma Gana ta nuna haka. A Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su fice, zangon Kumasi da na Akra suka ga tashin hankali. Jam'iyyar NPP, magajiyar gidan siyasar Busia, ta daɗe tana biyan bashin nan a akwatin zaɓe, har a 2017 Shugaba Akufo-Addo ya kafa ma'aikata ta musamman don raya zango-zango. Ba tausayi ya kawo ta ba. Mutanen zango suna da kati a inda suke kwana, kuma ba sa mantuwa. A nan gida ma, Malam Umaru Altine, Bafillace mai fataucin shanu daga lardin Sakkwato, ya zama magajin garin Enugu a shekarun 1950 saboda ya shiga NCNC ya yi mata aiki tun daga tushe.

Mu kuwa sai a cika motoci a tafi Arewa jefa ƙuri'a, a bar garin da shago da 'ya'ya suke. Waɗanda suka rage a haɗa ƙuri'unsu dunƙule guda, wasu 'yan tsiraru su kai wa mai mulki, a karɓo buhunan shinkafa da kujerar mai ba da shawara. Ƙuri'ar da aka san inda za ta tun kafin a nema ba ta da farashi, kuma wanda ba ya cikin ɗakin da ake fidda ɗan takara ba ya da ta cewa a kan wanda aka fitar.

Sashe na 106 na tsarin mulki bai nemi takardar shaidar asali ga mai son kujerar majalisar jiha ba: ɗan ƙasa, shekara 25, ilimin sakandare, da jam'iyyar da ta tsayar da shi. INEC kuma tana sauya wa mutum rumfar zaɓe in ya nema. Dattawan Sabo da matasanta, ku dawo da katunanku Ibadan ta Arewa da Akinyele, ku yanki katin jam'iyya, ba ɗaya kaɗai ba, ku zauna a tarukan mazaɓa tare da maƙwabtanku Yarbawa na Mokola, ku nemi kujerun daliget da na kansila tun kafin a buga gangar 2027.