Wa Zai Juya Wa Mutanen Rawayau Dish?

Duk wanda ya taɓa yin kwana biyu a Rawayau, ko wani gari irinsa tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma, a farkon damina, ya san wannan al'amari. Iskar da ke gabatar ruwan farko ta kaɗa cikin dare, gari ya waye hoto ya ɗauke a talabijin. Sai a aika a kira saurayin da ya iya saita dish, ya kafa tsani ya hau katanga da sifana a aljihu. A cikin ɗaki an buɗe shafin sigina a dikoda, tana wani siririn kuka da ke ƙara kaifi duk sa'ad da kwanon ya kusa fuskantar tauraron da ake nema. Matsalar ita ce kukan a ɗaki yake, mai juya kwanon kuwa yana waje, cikin iska da rurin janareta. Dole a ƙure muryar talabijin, a wangale taga, a tsayar da yaro a bakin ƙofa yana ƙwala ihu: "Ya ƙaru! Ya ragu! Tsaya nan!"

Masu dabara kan kira wayar mai gida, a kara ta a jikin lasifika, na sama ya maƙala tasa a kunne. Wasu kan fito da talabijin ɗin dungurungum tsakar gida. Wanda sana'ar ta ɗan karɓe shi yakan sayi 'yar na'urar neman sigina mai allura, wadda ke yin kukanta a hannunsa. Duk wannan wahala tana da dalili. Tauraron yana can sama da kilomita 35,000 bisa layin tsakiyar duniya, saboda haka gocewar da ba ta kai faɗin yatsa ba a bakin kwano ta isa ta ɓatar da shi. Ga shi kuma dikoda takan ɗan yi jinkiri kafin ta nuna abin da ta samu, mai garaje sai ya wuce wurin bai sani ba.

Akwai wani abu da kowane mai wannan sana'a ya sani, wanda nake ganin ya kamata masu tsara mana manufofi su sani. Layuka biyu ne a shafin sigina, ɗaya na ƙarfi, ɗaya na inganci. Na ƙarfi yana iya cika, kuka ya yi ta tashi, alhali wani tauraro dabam aka kama, ko ma dai waya ce kawai ta haɗu. Sai layin inganci ya motsa sannan hoto ke fitowa.

Idan muka auna shirin Nijeriya na komawa talabijin na dijital da wannan ma'auni, za mu ga layin ƙarfi ya daɗe da cika. A 2006 aka ƙulla yarjejeniya a Janeba, ƙarƙashin Hukumar Sadarwa ta Duniya, cewa ƙasashen yankinmu su bar tsohon tsarin analog kafin 17 ga Yuni, 2015. Gwamnatin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, ɗan wannan jiha, ta ɗiba wa kanta wa'adin da ya fi wannan kusa, wato Yunin 2012. Ba a cika ba. Na 2015 ya wuce, haka na 2017. An yi bikin ƙaddamarwa a Jos da Abuja a 2016, a Ilori da Kaduna a 2017, a Inugu da Oshogbo a 2018, sannan Legas da Kano a 2021. Mai karatu zai lura babu Katsina a wannan jeri, balle a yi zancen Kurfi.

Su kuwa mutanen karkara ba su tsaya jiran kowa ba. Alal haƙiƙa sun riga gwamnati shiga zamanin dijital, da kuɗin gero da na akuya. Mutum ya sayi kwano da dikoda sau ɗaya, ba kuɗin wata, ya kama tashoshin kyauta. Shi ya sa kwanuka da yawa a ƙasar Hausa suka karkata yamma suna kallon Nilesat na Masar, wasu suka juya gabas wajen Arabsat. Ta nan sallar Harami ke shigowa ɗakin tsohuwa kai tsaye, ta nan wa'azi da ƙwallo da finafinan Indiya ke shigowa. Da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, ta tauraro ta isa gidaje, kuma ba asiri ba ne cewa da tallafin gwamnatin Amurka aka kafa ta. Wato baƙi sun gane darajar wannan kwano tun kafin mu. Sin ma ta gane: a taron Johannesburg na 2015 Shugaba Xi Jinping ya yi alkawarin kai talabijin na tauraro ƙauyuka 10,000 a Afirka, Nijeriya ta samu kason 1,000, kamfanin StarTimes ya yi aikin.

Ban ce wannan duk sharri ba ne. Amma abin dubawa ne a ce magidanci a Rawayau ya fi saurin ganin abin da ke faruwa a Alƙahira ko Riyad a kan zaman majalisar dokokin jiharsa, wadda ke yanke hukunci kan takinsa da makarantar 'ya'yansa. Rediyo ne ke cike wannan giɓi, kamar yadda ya saba, sai dai matasan yanzu ido suke bi fiye da kunne.

Shekarar 2021 ta nuna mana nauyin lamarin. A watan Satumba na shekarar, saboda ta'asar 'yan bindiga, gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Kurfi da Dutsin-Ma, aka shafe watanni a haka. Ba kira, ba saƙo, ba intanet. Abin da ya rage wa jama'a shi ne rediyo da wannan kwano da ke kan katanga, domin shi ba ruwansa da turken kamfanin waya. Har dabarar nan ta kara waya a lasifika ta mutu, aka koma ga ihun yaro a bakin ƙofa. Sai dai dish karɓa kawai yake yi, ba ya aikawa. Mutane suna jin labarin duniya, ba su da hanyar gaya wa duniya nasu. Kuma a daidai lokacin da suka fi bukatar sanarwa daga hukumominsu, kan wace kasuwa aka rufe da wace hanya aka hana bi, kwanukansu wani wuri dabam suke kallo.

A 2025 Hukumar Kula da Kafofin Watsa Labarai ta Ƙasa, NBC, ta sanar da sauya salo: za ta haɗa gwiwa da kamfanin NIGCOMSAT a kai tashoshin kyauta gidaje ta tauraron Nijeriya, maimakon jiran a kafa turaku jiha bayan jiha. A ganina wannan shi ne tunani mafi dacewa da aka yi tun fara shirin, domin ya bi hanyar da talaka ya riga ya share. To amma a nan ne saurayin da ke kan katanga ya shigo cikin lissafi. Nilesat yana digiri 7 yamma, NigComSat-1R kuwa yana digiri 42.5 gabas. Kwanon da aka ɗaure yana kallon ɗaya ba zai ga ɗayan ba. Ke nan kowane gida sai an hau an kwance, an juya, an saurari kuka, an ɗaure, ko kuma a sayi kwano na biyu. Wa zai biya? Kuma me zai sa mai gida ya yarda ya rabu da tashoshin da iyalinsa suka saba da su?

Amsar tambaya ta biyu ita ce abin da za a zuba a ciki. Idan tarin tashoshin Legas na Turanci ne, ba wanda zai taɓa sifana. Idan kuwa akwai tashar talabijin ta Jihar Katsina, da labarai da Hausa da Fulatanci, da farashin hatsi a kasuwannin Charanchi da Mai'aduwa, da hasashen damina, da darasin 'yan firamare, to mutane za su juya da kansu, kamar yadda suka kafa da kansu tun farko.

Sai batun tauraron kansa, wanda bai kamata a rufa a kai ba. Na farko da aka harba daga Sin a 2007 ya mutu a 2008 sakamakon matsalar faifansa na hasken rana. Wanda ya maye gurbinsa an harba shi a Disamban 2011, kuma shekara 15 aka ƙera shi ya yi. Lissafin ba mai wuya ba ne. Kafin a ce wa miliyoyin gidaje su juya gabas, wajibi ne a faɗa musu ƙarara cewa magajinsa zai zauna a gurbi ɗaya, domin in ya sauya wuri, sai an sake hawa katanga gida gida.

Masu hawan kuma su ne ba a taɓa ambata a wajen bukukuwan ƙaddamarwa ba. Akasarinsu da ka suka koya, a bayan wani ubangida a kasuwa, ba na'ura, ba igiyar kariya, wani lokaci kusa da wayar lantarki. Ga Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma tun 2011, ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita a garin, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman a Katsina. Horon mako biyu bai fi ƙarfin ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma na'urar neman sigina ba ta kai kuɗin kujerun taro guda ba. Rawayau mazaɓu biyu ce a Ƙaramar Hukumar Kurfi. A horar da samari uku a kowace, a haɗa musu da gyaran sola, tun da wutar KEDCO ba abin dogaro ba ce a karkara, kuma dikoda ba ta yin kuka sai da wuta. Wannan aiki ne da shugaban ƙaramar hukuma zai iya farawa kafin iskar damina mai zuwa, ba sai ya jira takarda daga Abuja ba.