Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Shugaban Likitocin Gundumar Dakoro, a kan Tari da Launin Kaki



Hunturu ya kankama, ƙura ta lulluɓe Kwarin Tarka, kuma daga Kornaka har Sabon Machi da wuya ka kwana a gidan da ba a tari cikin dare. Abin da na gani a gidanmu ne ya sa na rubuto maka.

Gwaggona ta yi mura. Bayan kwana uku zazzaɓi ya sauka, tana cin tuwonta, tana tashi sallarta, sai dai tarin ya ƙi tafiya. Wata asuba ta tofar da kaki a kan rairayi, ta ga ya koma ruwan ɗorawa, har da kore-kore. Ta ce, "Ƙirjina ya ruɓe." Kafin hantsi an aiki yaro wurin mai tallar magani a faranti, ya dawo da kafso shida na amoksisilin a ƙullin leda. Ta sha huɗu, ta ɓoye biyu saboda jikanta.

Ka fi ni sanin cewa launin nan ba ruɓa ba ne. Fararen ƙwayoyin jini da suka taru yaƙar cutar ne ke fita tare da kakin, sinadarin da ke cikinsu shi ke rina shi kore. Yawancin mura bairos ke kawo ta, antibiyotik kuwa bakteriya yake kashewa, ba ya taɓa bairos. Tarin da ke biyo bayan mura yakan kai mako biyu zuwa uku kafin ya lafa da kansa. Amma wa ya taɓa zaunar da gwaggona ya faɗa mata haka da Hausa? Ban ga laifinta ba ko kaɗan. Ta ga abin da ya tsorata ta, ta nemi abin da ke kusa.

Kafso huɗun nan ba su tafi a banza kawai ba, sun koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. A 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda cututtukan da suka daina jin antibiyotik, kuma a Afirka ta Yamma abin ya fi muni. Ranar da jikan nan zai kamu da ciwon huhu na gaske, amoksisilin ɗin nan ne za ku nema masa, kuma muna fata ya same shi da ƙarfinsa.

Roƙona shi ne ku fito da maganar daga ofis. A ji ta a rediyo, a bakin limamai ranar Juma'a, a layin awon ciki. A gaya wa iyaye su bar kallon launin kaki, su ɗaga rigar yaro su kalli ƙirjinsa. In ɗan wata 2 zuwa 11 yana numfashi sau 50 ko fiye a minti, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 sau 40 ko fiye, ko ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa, ko ya ƙi nono, a ruga asibiti. Tun 2006 doka ta ce a duba 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta. Ku tsaya maganin ciwon huhu ya kasance a cibiyoyin lafiya na CSI, domin rashinsa ke mayar da uwa wurin mai faranti. Babba ma in zazzaɓi ya dawo bayan ya sauka, ko numfashi ya yi wuya, ko ya ga jini a kaki, kada ya kwana a gida.

Sai tarin fuka, wanda ya fi damuna. Mai tarin da ya haura mako biyu, musamman in yana ramewa da gumin dare, gwajin kaki ya kamace shi, ba kafson kasuwa ba. Maganinsa kyauta ne, na wata shida. Makiyayin da ke can arewa ba zai bar garkensa ya zo gari sau biyu ba, don haka ku ajiye kwalaben karɓar kaki a kowane CSI, ku sa mai babur ya riƙa kawo su Dakoro, sakamako kuma ya koma wa mai shi ta waya.

Allah ya taya ku riƙo.

Naka,
wani ɗan Dakoro